Ƙasar da Na Zuba a Tsakar Gida

Daga Anka.

Zuwa ga ɗiyata Hajo,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki kin sauka lafiya, kun ratsa dajin nan ba ku gamu da kowa ba sai mai alheri. Zan sa ta can ƙasan jakarki, ƙarƙashin ƙullin kuka da daddawa, don na san hannunki ba zai kai wurin ba sai kin zauna a ɗakinki hankali kwance.

Ba labarin gida zan ba ki ba, kin fi ni saninsa. Akwai maganar da na ɓoye miki, na ɓoye wa Innarki, a kan rasuwar ƙanenki Sahabi, kuma ta shafi lafiyar jikinki ke kanki. Sau uku ina fara takardar nan da ita ina yagewa. Kin san halina, ban iya tsallake layi ba. Ki yi haƙuri in fara da ƙananan kurakuraina na aiki, ko hannuna ya saki kafin in kai ga babban.

Ke kika tayar da maganar, ba ki sani ba. Ranar da muke jera dashen da za ki tafi da su, madobiya tara da ƙawo huɗu, kika ce lambun adana tsirran da ya ɗauke ki aiki ba ya karɓar tsiro sai da takardarsa: inda aka ɗauko shi, ƙasar da ya tashi a ciki, cutar da ya taɓa yi. Kika ce, “Baba, ko ya fi kowa kyau, in ba tarihinshi, waje shika kwana.” Na yi dariya na ci gaba da ɗaure leda. Amma tun daga lokacin abinci bai yi mini daɗi ba, domin kowane tsiro na rubuta masa takarda, ke ce zan tura ba taki.

Na fara aiki a gandun renon dashe na ma'aikatar daji ina ɗan shekara ashirin. Shugabanmu a lokacin Malam Ɗanjumma ne, Allah ya jiƙansa, tsoho mai tsokana wanda bai taɓa ɗaga murya ba. Daminata ta farko ya aike ni in samo ƙananan kaɗanya daga wata saura. Na tafi da fartanya da rana tsaka, na riƙa sara ɗaya ina ɗagawa, na cika kwando kafin la'asar ina jin na burge. Na dasa su a leda, na jera. Mako biyu suna kore shar. A na uku suka fara bushewa daga sama, ɗaya bayan ɗaya.

Malam Ɗanjumma ya zare guda daga leda, ya kaɗe ƙasar, ya kira ni. “Lawali, zaka ka gani. Ina sauran?”

Na ce, “Sauran me, Malam?”

Ya nuna mini saiwar tsakiya, a yanke kamar an sa almakashi. “Ka ɗauko mutum ka baro ƙahwarshi a daji, kuma kana mamaki ya ƙi tsayuwa. Gobe ka koma ka ba su haƙuri.”

Hajo, tsiron daji abin da ke ƙasa ya fi abin da ke sama tsawo. Ɗan ganye huɗu yana iya tura saiwa kamu guda. Ki tafi da sassafe, ko bayan an sha ruwan sama. Ki haƙa kewaye da shi, ki zurfafa har sai hannunki ya ji ƙarshen saiwar, ki ɗaga shi da ƙasarsa, ki naɗe da jiƙaƙƙen buhu. In saiwar ta karye, kada kore ganyensa ya ruɗe ki, abin da ya tara a jikinsa yake ci. Ke ma makonninki na farko a can za ki ji garau, komai sabo. Wajen na uku kewa za ta zo. Idan ta zo ki kira Innarki, kada ki ce za ki daure.

Na biyu ya fi wannan ciwo. A dajin Bukkuyum, tun ana shiga ba fargaba, akwai wata madobiya da ban taɓa ganin irinta ba. Mutum biyu ba su rungume ta. Da rani takan zubar da ganye duka ta yi fure rawaya, sai ka hango ta tun daga nesa. Lokacin masu sarar katako sun fara bin madobiya, ni kuma na ƙudurta zan ceci irin wannan. Na je da damina na tarar da ƙanana ashirin da shida a gindinta. Wannan karon na haƙa da kyau, ban karya ko ɗaya ba. Na kwashe su duka.

Ina ɗaurewa a bayan keke sai ga Baffa Sambo, wani dattijon Bafillace da ke kiwo a wajen, mun saba gaisawa. Ya dogara da sandarsa yana kallona.

Ya ce, “Malamin daji, ina za ka da ɗiyan mutane?”

Na ce, “Reno zan yi musu, Baffa. In an sare uwar, ga madadi.”

“To ko ɗaya ba ka bar mata? In naka sun mutu hwa?”

Na ce, “Ba su mutuwa. Akwai rumfa, akwai ruwa safe da yamma.”

Ya yi dariya har ya yi tari. “Ni ma shanuna ba su mutuwa, sai randa sunka mutu.”

Ruwan nan na safe da yamma da na yi alfahari da shi, shi ya kashe su. Na sa su a inuwa mai duhu, na riƙa ba su ruwa ko ƙasar ba ta bushe ba, don ina tsoron su ji ƙishi. Gindinsu ya ruɓe daidai bakin ƙasa, suka riƙa kwanciya. Ko ɗaya bai kai kaka ba. Bayan shekara biyu na koma in ɗebi iri, na tarar da kututture. Na zagaya shi sau uku ina duba ƙasa, ba tsiro ko guda, domin wanda ya kamata ya bar su ni ne. Masu sara sun ɗauki uwar, amma ni na riga su ɗaukar 'ya'yan. Baffa Sambo bai taɓa tuna mini ba. Da ya yi ma da ya fi mini sauƙi.

Saboda haka in kin tarar da biyar, ɗauki ɗaya. In akwai iri a sama, bar tsiron ƙasa ki ɗebi iri, kuma daga uwaye da yawa, kada ki tsaya kan wadda ta fi burge ki. Kafin ki ba da ruwa ki tura yatsa cikin leda, in ya fito da danshi ki wuce da butarki. Kuma ki riƙa gaida makiyaya da matan da ke tsintar kaɗe da ɗorawa, ki tambaye su, ki rubuta sunan da suke kiran abu da shi. Takardar makarantarki ba ta kai shekarun da suka yi suna kallon itacen ba. Madobiya taran da ke hannunki na wata uwar ce daban, ta ƙarshe da na kai gare ta kafin hanyar ta gagara. Ban san ko tana tsaye ba. Yana yiwuwa su ne abin da ya rage nata.

Daga wannan asarar na fara rubuta komai. Kin ga littattafan a akwatin ƙarfe, kina yi mini dariya wai har kukan akuya ina rubutawa. Ke ma ki rubuta, da fensir, don tawada ruwa na wanke ta. Ki rubuta wanda ya mutu kamar yadda kike rubuta wanda ya rayu. Ni wannan na yi shi, ban taɓa yi wa littafi ƙarya ba. Rufe shi na yi.

To ga maganar.

Daminar da ta gabaci shekarar da aka gano gubar dalma, kina da shekara biyar, Sahabi bai cika biyu ba. A gandun aiki dogon yaro da mangwaro kawai ake so, sai na yi nawa ɗan wurin reno a gida, bayan madafa, don itatuwan daji. Haɗin ƙasar leda kin san shi: ƙasar gona kashi biyu, taki ɗaya, yashi ɗaya. A wannan watan gulbi ya cika ya rufe inda muke ɗibar yashi. Na yi ƙorafi a gaban Mamman direba, mai jigilar kaya tsakanin Anka da Bagega, inda ake haƙar zinari. Ya ce ai can ga garin dutse nan tsibi-tsibi, wanda aka niƙa aka wanke aka cire zinarin, ba mai so. Ni na roƙe shi ya kawo mini. Ya kawo buhu shida don mutunci kawai, bai san komai ba, kada ki riƙe shi a zuciya.

Na zazzage ƙasar a tsakar gida, gindin dogon yaro, inda Innarki ke shanya. Ga abin da na rubuta a littafi na takwas ranar: “Ƙasa mai kyau ƙwarai. Laushi kamar gari, ba tsakuwa, ba irin ciyawa, ba ta buƙatar tankaɗe.”

Buhu biyu na yi amfani da su. Sauran suka zauna a wurin har bayan kaka, suka zama wurin wasanku. Kina gina ɗakuna, shi yana bi yana rushewa da tafin hannu, yana dariya, yana kai hannun baki. In na dawo aiki nakan yayyafa muku ruwa a kai don ginin ya kama. Da hannuna na yi wannan, ba sau ɗaya ba.

Bayan mako uku na rubuta, “Sahabi ya yi amai sau biyu, ya ƙi kunu.” Gaba kaɗan, “Sahabi yana kuka ba dalili, yana riƙe ciki.” A wannan makon dashen da na sa wa sabon haɗin suka fara yin rawaya. Na cika shafi biyu ina binciken abin da ya same su, ko taki ne ya yi zafi, ko leda ce ba huji. Ɗana layi biyu ya samu.

Bayan an yi girbi Innarki ta tafi Dareta sunan ɗan ƙanwarta Rabi, da Sahabi a goye. Kwana biyar suka yi. Ke kika zauna da ni da kakarki. Bayan dawowarsu da 'yan makonni, wata safiya yana zaune a tabarma sai jikinsa ya sandare, ya fara jijjiga, idonsa ya juye. Muka kai shi asibiti. Sun yi iyakar ƙoƙarinsu, lokacin ba wanda ya san abin da ke tafe. A kwana na uku, kafin azahar, Allah ya karɓi abinsa.

Da labari ya fito cewa yara na ta mutuwa a Dareta da Bagega da Sunke, likitocin agaji suka zo suka ce ƙurar dutsen zinari ce, kowa ya shigo gidanmu sai ya ce, ashe Dareta ce. Innarki ta zauna a ƙofar ɗaki ta ce, “Ni na kai shi, da bayana na goya shi na kai shi.” Ni kuwa na shiga ɗaki na buɗe littafi na takwas. Na ga ranar da ƙasa ta zo. Na ga ranar amai. Na ga ranar tafiya Dareta, tana can gaba da nisa. Na rufe littafin na mayar akwati.

Washegari da hantsi Innarki ta shiga maƙwabta. Na kawo baro da shebur, na kwashe abin da ya rage har da fatar ƙasar tsakar gidan, na kai bayan gandu na haƙa rami mai zurfi na binne. Da ta tambaya na ce gara ce ta shiga.

Ba nan abin ya tsaya ba, kuma wannan ne naki. A lokacin ana auna jinin yaran da suka zauna a ƙauyukan nan, wanda aka samu da gubar a ba shi magani. Ke ba ki je Dareta ba, don haka ba wanda ya yi tunaninki. Ni kaɗai na san kin fi wata uku kina wasa a cikinta. Wata rana na kama hannunki har ƙofar wurin da ake aunawa. Mai rubuta suna ya ɗaga kai ya ce, “Daga wane ƙauye?” Akwai mutanen unguwarmu a layin. Na ce, “Nan cikin gari muke, rakiya ta yi mini.” Na saya miki alewa muka koma gida.

Kin tuna ciwon kan da kika sha a firamare, da yadda karatu ya ƙi zama miki har aji huɗu? Kin tuna tabarmar bayan la'asar, ina sa ki maimaita layi ɗaya har ki yi kuka, Innarki tana cewa in ƙyale ki? Kin ɗauka zafin hali ne. Tsoro ne, Hajo. Duk harafin da ya kuɓuce miki sai in ga tsibin nan. Ranar da kika kawo takardar gama karatun gandun daji na shiga bayan madafa na daɗe, kuka ɗauka ban ruwa nake.

Ban san tabbas ba ko tsibina ne ya kashe shi, ko kwana biyar na Dareta, ko duka biyun. Na juya lissafin nan shekara goma sha biyar bai fito mini ɗaya ba. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, malamai sun faɗa mini, na kuma yarda. Kawo ƙasar rashin sani ne, ina sa ran Allah ya yafe. Amma shirun da sanina na yi shi, kowace safiya sabo. Na bar mace tana ɗauke da kayan da aƙalla rabinsa nawa ne, ina kallonta, har ina ba ta haƙuri.

Ga abin da zan ce miki a nan, ko da yake bakina bai cancanta ba. Ranar da tsiron da ba a da irinsa ya mutu a hannunki, kuma ranar za ta zo, ki je ki faɗa wa shugabanki kafin ki wanke hannu. Ki faɗi abin da kika zuba da abin da kika manta. Kunyar ta yini ɗaya ce, kuma wataƙila a ceci na kusa da shi. Kada ki karɓi ƙasar da ba ki san inda aka ɗebo ta ba, komai kyanta. Kada ki ci abinci a wurin aiki sai kin wanke hannu da sabulu.

Na ajiye alƙalami a nan kwana biyu, domin na ga ba daidai ba ne ki sani kafin wadda ta haife shi.

Jiya bayan la'asar, kina gidan kakarki sallama, na ɗauko littafin na sami Innarki tana tsince zogalen da za ki tafi da shi. Na zauna a ƙasa gabanta, abin da ban saba ba. Na karanta mata layukan uku, na gaya mata sauran. Hannunta ya tsaya cikin faifai.

Ta ce, “Sake karanta na aman.”

Na sake.

“Kahin mu tahi Dareta ke nan?”

Na ce, “Kafin.”

Ta daɗe tana kallon gindin dogon yaron. Na ɗauka kuka za ta yi, ko ta zage ni, na kuma shirya wa duka biyun. Sai ta ce a hankali, “Malam, shekara goma sha biyar ban taka gidan Rabi ba. Ɗan da anka yi wa sunan nan ya zama saurayi, ban san huskarshi ba. Ta aiko, ta aiko, har ta gaji.”

Na rufe littafin.

Can sai ta juyo da sauri. “Ita Hajo hwa? Ta taɓa ƙasag ga?”

Na ce, “Tare suke wasa.”

“An auna ta?”

Na ce, “A'a.”

Ta ajiye faifan ta miƙe. “To mi kake zaune gabana? Ni nawa ya wuce. Tashi ka rubuta mata, tunda rubutu ka iya.”

Shi ya sa kika ga idonta haka da kika dawo, ta ce miki hayaƙi ne. Ba ta ce ta yafe mini ba, ni ma ban roƙa ba tukuna, don ban ga ina da fuskar roƙo da wuri haka ba. Yau da safe ta ajiye mini kunu ba ta dube ni ba. Ta ce in motarku ta tashi, ita ma za ta nemi ta Dareta, kuma ba ta son rakiya.

Saboda haka ga roƙona, shi ne dalilin takardar nan duka. A makon farko, kafin aiki ya riƙe ki, ki je babban asibitin garin. Ki ce kina ƙarama kin yi wata uku kina wasa da garin dutsen zinari a ƙasar Anka, ƙanenki ya rasu, ke ba a taɓa auna ki ba. Ki faɗa a fili kamar yadda na rubuta, kada ki rage don ki rufa mini asiri. Na ji wata ma'aikaciyar lafiya tana bayani a rediyo cewa dalma takan kwanta a ƙashi shekaru, ta motsa lokacin da mace ta sami ciki. Ban san iyakar gaskiyar wannan ba, su za su sani. Wataƙila su ce ba komai, ina roƙon Allah ya sa haka. Ko sun ce haka, ki riƙe maganar, duk ranar da Allah ya kawo aure da rabo ki sake faɗa wa likita.

Ba na neman amsa daga gare ki yanzu. In kin ji ba ki son jin muryata na wani lokaci, kina da gaskiya, zan jira. Abin da asibiti suka ce, ko mene ne, Innarki za ki fara kira. Ni zan ji daga bakinta, idan ta ga dama ta faɗa mini.

Allah ya tsare ki a zaune da tafe, ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin mutane. Ya haɗa ki da shugabanni masu haƙuri da abokan aiki masu gaskiya. Ya sa abin da kika shuka ya rayu ya fi ki tsawon kwana. Ya ba jikinki lafiya, ya wanke shi daga abin da na jawo masa. Ya jiƙan Sahabi, ya sanyaya zuciyar Innarki, ya kai ta gidan ƙanwarta lafiya ya dawo da ita lafiya. Amin.

Wassalam.

Mahaifinki,
Lawali.